Daga Wane Daji Aka Saro Shi?

Shekarar da ginina ya kai rufi a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, kafintana ya yagi takardar buhun siminti ya rubuta mini lissafi a bayanta: tu-bai-fo kaza, tu-bai-tu kaza, falanki kaza, ƙusa kaza. Washegari da hantsi muka nufi wajen 'yan katako. Wanda bai taɓa shiga rumfar katako ba, abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙamshin ɗanyen itace mai ɗan tsami-tsami, sai ƙarar injin da ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Kafinta yana ɗaga katako ɗaya bayan ɗaya, yana kanne ido yana duban tsawonsa ko ya karkace, yana ƙwanƙwasa shi ya ji amonsa. Ni kuwa da ba fannina ba, sai na tsaya hira da mai rumfar, wani dattijo mai fara'a.

Na ce, "Alhaji, wannan katakon daga ina yake zuwa?"

Ya ce, "Daga Kudu, Malam."

Na ce, "Kudu wane gari? Wane daji?"

Ya yi jim, sannan ya yi murmushi. "Malam, na fi shekara ashirin cikin wagga sana'a. Ana tambayata kuɗi, ana tambayata ko ya bushe, ana tambayata ko gara na cin shi. Yau ne farkon da wani ya tambaye ni garin su icce."

Ba ɓoye mini yake yi ba. Shi ma a hannun dillali ya saya, dillalin kuma a hannun masu injin tsaga a can ƙasar Yarbawa ko ta Edo. Tirela ta ɗauko, ta biyo ta Ilori, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Mokwa da Kontagora da Yawuri da Koko da Jega kafin ta sauke a nan. Cikin wannan doguwar tafiya kuɗin katako ƙaruwa yake yi, labarin asalinsa kuwa a hanya yake zubewa.

Akwai dalilin da ya sa tambayar ta fito daga bakina. A Argungu aka haife ni, a gidan masunta. Soron da kakana ya kwana cikinsa har ya bar duniya rufin azara ne, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka fadamar da giginyar ta tsaya da mutumin da ya faskara ta. Namijin giginya ne, in ji shi, shi ya sa gara ta gaza masa. Jirginsa sassaƙen maɗaci ne guda, kuma kafin a kwantar da maɗacin sai da aka nemi yardar mai gona aka sanar da mai gari. Turmin kakata na ƙirya ne, allon da na fara karatu da shi na aduwa. Duk itacen da ke gidan yana da asali kamar yadda doki ke da asali. A wancan zamani mutum bai isa ya shiga hurumin gari ya sare ɗorawa ko kaɗe ko tsamiya ya kwana lafiya ba, domin kowa ya san mai ita, kuma da safe kowa zai ga kututture.

Yanzu in ka je Matan Fada a Argungu lokacin bikin kamun kifi, bikin da aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ka dubi jiragen da ke kan ruwa da kyau. Da yawansu falanki ne aka jera aka haɗa da ƙusa aka toshe kafofin. Maɗacin da zai ba da jirgi sukutum ya yi wuyar samu a kwarin Rima.

Tambayar da na yi wa Alhaji ta taɓa hana masu sayen katako a Turai da Amurka sakat. A shekarun 1980 aka riƙa nuna musu hotunan kurmin Amazon da na Borneo ana kwashe su, sai wasu suka ce a ƙaurace wa katakon ƙasashe masu zafi baki ɗaya. Amma ƙauracewa ba ta bambanta mai kula da dajinsa da mai wawushe shi, kuma dajin da katakonsa ba ya kawo kuɗi, gona ake mayar da shi. Da shugabannin duniya suka taru a birnin Riyo na Barazil a 1992 suka tashi ba tare da yarjejeniyar dole kan dazuzzuka ba, sai masu kare muhalli da wasu 'yan kasuwar katako da wakilan mutanen da ke zaune cikin kurmi suka haɗu a Toronto ta Kanada a 1993, suka kafa majalisar kula da dazuzzuka da aka fi sani da FSC. Ofishinta na farko a Oaxaca ta Meziko yake, yanzu kuma yana Bon ta Jamus. A 1999 ƙananan masu daji na Turai suka kafa tasu, PEFC, mai ofis a Janeba. Dabarar duka biyun ɗaya ce: a sa wa katako hatimi, mai saye ya gane wanda ya fito daga dajin da ake reno.

Aikin hatimin kashi biyu ne. Na farko dajin kansa. Mai daji, kamfani ne ko gwamnati ko jama'ar ƙauye, sai ya nuna yana da haƙƙin wurin bisa doka, ya ƙidaya itatuwan da ke ciki, ya san abin da dajin ke ƙarawa a shekara, kuma abin da yake sarewa kada ya wuce wannan ƙarin. Kamar makiyayi ne da ke sayar da bajimai ya bar shanun haihuwa. Sai ya bar itatuwan bakin rafi da na gangare, ya bar iyayen iri, ya biya masu sara haƙƙinsu ya ba su kayan kariya, kuma kada ya tauye mutanen da suka gaji wurin, masu ɗiban magani da zuma da masu kushewar iyaye a ciki. Manyan ƙa'idojin FSC goma ne, kowace da rassanta. Masu bincike daga wani kamfani na daban ke zuwa su duba. Takardar shekara biyar take yi, amma duk shekara sai sun dawo.

Kashi na biyu ya fi burge ni, domin ya yi kama da abin da muka koya a zaure. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta. Sai sun ji wane ya karɓo daga wane, wane daga wane, har tushe, kuma in mutum ɗaya a tsakiya ya ɓace ko aka san shi da ƙarya, isnadin ya yi rauni. Haka katako mai hatimi yake. Mai sara, mai injin tsaga, dillali, mai masana'antar kujeru, duk wanda katakon ya zama mallakarsa a hanya sai yana da tasa takardar da lambarsa, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, don kada ya sayi gungume ɗari mai shaida ya sayar da katakon gungume ɗari biyu. In aka samu giɓi a hannu ɗaya, kayan sun rasa hatimi. Alamar kanta ɗan zanen itace ne haɗe da makin da malami ke yi wa ɗalibin da ya ci lissafi, da lamba a ƙasa wadda kowa ke iya bincikawa a intanet. Inda aka rubuta 100%, duk itacen daga daji mai shaida yake. Inda aka rubuta Mix, an gauraya shi da tsohon abu da aka sake sarrafawa ko da itacen da aka tantace shi sama-sama kawai.

Na ga wannan alama a Birnin Kebbi, amma a jikin kwalin lemo da bayan wasu littattafan da aka buga a waje. A jikin katako ban taɓa ganinta a rumfunanmu ba. Dazuzzukan da ke da shaidar FSC sun haura hekta miliyan 150, sai dai mafi yawansu a Turai da Arewacin Amurka suke. Na Afirka kaɗan ne, kuma manyansu suna kurmin Kwango, a Gabon da Kamaru da Jamhuriyar Kwango, inda manyan kamfanoni ke sara don kasuwar Turai. A 2018 shugaban Gabon na lokacin, Ali Bongo, ya ba da sanarwar cewa duk mai lasisin sara a ƙasarsa sai ya nemi wannan shaida. Kuɗin kawo masu bincike duk shekara ya fi ƙarfin mai injin tsaga ɗaya a ƙauyen Ondo, balle Alhajin rumfarmu, kuma ba wanda zai ɗauki wannan nauyi alhali masu saye ba sa tambaya.

Hatimin ma ba wahayi ba ne. Kamfanin da ake bincika shi ke biyan mai binciken, kuma kowa ya san yadda baki ke nauyi a gaban mai ciyar da shi. A 2020 ƙungiyar Earthsight ta Ingila ta fitar da rahoto cewa itacen da aka sara ba bisa ƙa'ida ba a duwatsun Yukren ya shiga kujerun wani babban kamfanin kayan ɗaki na Turai ɗauke da wannan hatimi. Abin lura a nan shi ne an iya bin sawun, domin akwai takardu da lambobi da za a bi. Katakon da ba shi da isnadi ko kaɗan ba ma inda za a fara kama ƙaryarsa.

Mu a Najeriya mun ga abin da rashin tambaya ke haifarwa, a kan itacen da duk makiyayi ya sani, madobiya. Ita ce ke fitar da fure ruwan ɗorawa cikin hunturu lokacin da ta zubar da ganye, sannan ta yi sabon toho a ƙarshen rani, daidai sa'ad da ciyawa ta ƙare, Fulani su hau su sassabo wa shanu. Jan katakonta ya dace da irin kujerun alfarma da attajiran Sin ke so. Da irinta ta ƙare a kudu maso gabashin Asiya, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma: Gambiya da Kasamas ta Sanagal, Gana, Binin, sannan Najeriya. A Taraba har sabon suna aka raɗa mata, Madrid, kuma garuruwa irin su Garba Chede da Bali suka cika da gumagumai da tireloli. Matasa suka bar gona suka sayi injin sara. Cikin 'yan shekaru duwatsun suka yi sanƙo.

A 2016 aka sa madobiya a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Ma'anarsa ba a fitar da ita waje sai da takardar da ke tabbatar da cewa saran bai cutar da irin ba. A Nuwamban 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton cewa gumagumai kusan miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin da takardu kusan 4,000 da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar Najeriya. Jami'an da abin ya shafa sun musanta cewa an karya doka. A ƙarshen 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma dakatarwar ta shafi wasu ƙasashen da take fitowa. A shekarar dai, a taron Panama, aka ƙara maɗaci da kawo cikin wannan jeri na biyu. Itacen jirgin kakana ke nan, yau sai da takardar ƙasa da ƙasa yake tsallake iyaka. A cikin gida kuwa ba wanda ke tambaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai saye da bai damu da asali ba yana da kasonsa a cikin wannan ɓarna, ko a Shanghai yake ko a Birnin Kebbi.

Ba wai ba mu da namu tsarin ba. Tun zamanin Turawa ma'aikatan gandun daji a jihohin Kudu suna da guduma mai lamba da ake buga wa kututture da gungume, shaidar cewa an ba da izini an biya kuɗin gwamnati, da takardar da ke raka mota. Illar ita ce tambarin yana bakin gungume, da an shiga injin tsaga sai ya tafi tare da ɓawo. Takardar motar kuma shingen hanya aka yi wa ita, ba mai saye ba, kuma tana cewa an biya haraji ne kurum, ba ta cewa an bar wa dajin abin da zai farfaɗo da shi. Kafintana ya nuna mini wata alama da ta fi takarda faɗin gaskiya. Ya shafa fuskar wani falanki ya ce, "Malam, taɓa nan." Kaushi gare shi, da zane-zanen haƙoran sarƙa, kaurinsa kuma bai daidaita ba. An tsaga shi ne da injin hannu a gindin kututture. Irin wannan tsaga tana zubar da itace mai yawa a matsayin gari, kuma ita ce hanyar da masu sara ba izini suka fi so, domin falanki ya fi gungume sauƙin fitarwa daga daji a ɓoye.

Abin da ya fi kama da maganin ciwonmu ba a Bon yake ba, yana nan ƙetaren Kamba. A Jamhuriyar Nijar, bayan farin shekarun 1970 da 1980, hukuma ta gane cewa 'yan ma'aikatan daji ba za su iya tsare dazuzzukan da ke ciyar da murhun Yamai da Maraɗi da Damagaram ba. Masu motoci daga birni kan shiga duk inda suka ga dama da lasisin gwamnati, su kwashe itace, mutanen ƙauyen da ke gefen dajin suna kallo. A 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Denmak. Ana shata wa ƙauye dajinsa, a ƙayyade abin da za a ɗiba a shekara, a raba dajin gida-gida ana sara ana barin wani ya huta. 'Yan ƙauyen ne kaɗai ke sara. Suna jera itacen a bakin hanya tsibi-tsibi, kowane tsibi mita ɗaya ta kowace fuska, mai mota ya zo ya saya a hannun kwamitin gari a ba shi takardar da ke nuna daga wace irin kasuwa kayan suka fito.

Hikimar tana cikin harajin. Itacen da ya fito daga dajin da ke da cikakken tsari shi ne mafi ƙarancin haraji, kuma rabin harajin a ƙauyen yake zama, a yi rijiya ko a gyara aji ko a mayar wa dajin. Itacen da aka saro daga dajin da ba mai kula da shi harajinsa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hatimin Turai yana roƙon mai saye ya ƙara kuɗi don lada. Tsarin Nijar kuwa ya sa itace mai asali ya fi araha ga ɗan kasuwa, kuma a ganina wannan ne kaɗai zai yi aiki a wurin da mai saye ke ƙirga kowace naira. Dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi yana cikin wuraren da aka san su da wannan tsari, daga baya kuma Mali da Cadi suka kwaikwaya. A yankin Gaya, a shekarun 1990, da tallafin Suwizalan, an miƙa kula da giginyun Dallol Mawri ga kwamitocin ƙauyuka: su ke tsaro, su ke reno, ana ƙayyade yawan da za a sare, ana sayar da azara kaso na shiga asusun gari. Mutanen nan Dandawa ne da Arawa da Kyangawa, 'yan'uwan na Kamba da Kangiwa, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Inda shingen bincike ya yi sakaci, itacen sata ya ci gaba da kwarara ya karya farashin na kasuwannin. Wasu kwamitocin sun cinye asusu, wasu sun sare fiye da ƙa'ida. Duk da haka darasin ya tabbata, kuma gonakin Maraɗi sun ƙara tabbatar da shi. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage masa rassa a rene shi, an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. Ba a kawo su daga gandun reno ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai iya sarewa ya sayar ba tare da an ci shi tara ba.

Na daɗe a kan katako, amma gaskiya a Kebbi wuta ta fi rufi cin itace. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a jihar nan a Nuwamban 2015 noman ya bunƙasa, kuma duk matar da ke turara shinkafa a gida itace take hurawa ƙarƙashin tukunya. Ga masu bandar kifi daga Argungu har Yawuri, ga gidajen burodi, ga masu tsire da masu shayi, ga makarantun kwana. Ka tsaya a bakin hanyar Argungu da yamma ka ƙirga amalanken shanu da a-kori-kura masu ɗauke da itace, ka dubi abin da ke ciki. Da marke ne da ƙirya busassu. Yanzu har ɗanyen kaɗe da saiwar sabara za ka gani, alamar an fara cin jari. Ba zan ɗora laifi a kan uwar gidan da ke sayen itacen naira ɗari biyu don tuwon dare ba, ita ba ta da zaɓi, iskar gas ta fi ƙarfinta. Mai zaɓi shi ne mai gidan burodi da ke sayen mota guda, da ɗan kwangilar abincin makaranta, da mai turara buhu ɗari alhali ɓuntun shinkafar da zai iya hurawa yana nan tsibi a bayan injin.

An yi ƙoƙarin shuka. A Bachaka ta ƙaramar hukumar Arewa ne shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin babbar katangar itatuwa ta Najeriya a ƙarshen 2014, kuma Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Shuka abu ne mai kyau. Sai dai itacen da aka dasa ranar biki, in ba wanda zai ci moriyarsa, ba wanda zai yi masa shinge daga awaki a watan Maris. Dajin da ba shi da mai shi kuma mun ga abin da ya zama a wannan zamani, maɓoyar 'yan bindiga, inda ko ma'aikacin daji ba ya iya leƙawa balle ya ƙidaya itace.

Ga yadda na ƙare da rufina. Na sayi melaina. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta take, an shuka ta da yawa a gandun Omo na jihar Ogun da na Oluwa a Ondo don masana'antun takarda, tana isa sara cikin shekara goma zuwa goma sha biyar, kuma in an sare ta tana sake toho. Kusan duk melainar da ke kasuwa daga gonar itace ta fito, yayin da iroko ko mahogani sai an kwantar da itacen da ya girmi mai sayensa. Ba ta da takarda, kuma ba ta kai su ƙarfi ba, shi ya sa na nemi busasshiya na sa aka shafe ta da maganin gara ciki da waje kafin a ɗora kwano. Katakon da ya yi shekara talatin maimakon goma ya ceci itace biyu. Ƙofofi da bencin zaure kuwa na dogon yaro ne, na saya a tsaye a hannun wani manomi a hanyar Argungu, na ga kututturen, bara na wuce na ga ya yi toho har ya fi ni tsawo. Dogon yaro baƙo ne, a 1928 aka fara dasa shi a Barno, amma ya zama ɗan gida, gara ba ta cika son sa ba, kuma yana ko'ina a garuruwanmu. Su kaɗai ne itace a gidana da zan iya gaya wa jikokina asalinsu.

Wani zai ce tambayar mutum ɗaya ba ta sauya kasuwa. Mu tuna da lambar NAFDAC. An kafa hukumar a 1993, amma sai zamanin Dora Akunyili, daga 2001, talaka ya koyi juya kwalin magani ya nemi lamba, masu kemis kuma suka koyi tambayar dillalansu domin an dame su. Alhajin rumfa in mutum goma suka tambaye shi a wata, zai tambayi dillali, dillali zai tambayi mai injin.

Amma babban mai sayen katako a jihar nan gwamnati ce: bencin makarantu, rufin azuzuwa da asibitoci da kasuwanni, itacen girkin makarantun kwana. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, dazuzzuka kuma hurumin jiha ne, don haka Kebbi ba ta bukatar jiran Abuja. Ina roƙon majalisar dokokin jiha da masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru: a rubuta a doka cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, a sa sharaɗi a takardar kwangila cewa sai an faɗi dajin da katako ya fito, kuma a tura hakimai da ma'aikatan daji Gaya su kwana biyu su ga yadda ake sayar da azara. A fara da kasuwar itace guda ɗaya a ƙaramar hukumar Arewa ko ta Dandi, da kwangilar benci guda ɗaya, a cikin kasafin kuɗi mai zuwa.